Tambaya da Amsa: Kuskuren Gidan Buga Kuɗi ne ko Raunin Hannun Jama'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da ƙullin tsofaffin kuɗi a cikin adakarsa, galibinsu kwabo da ɗari masu huji na zamanin Turawa, da 'yan anini. Guda biyu sun ɗauki hankalina: ɗaya hujinsa ya kauce daga tsakiya, ɗayan kuma gefensa a gutsure yake, ga wani layi da ya ratsa rubutunsa. An ce mini irin waɗannan kuskuren masana'anta ne, kuma suna da tsada. Yaya zan tabbatar, kuma in wanke su kafin in nuna wa masu saye? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa: don Allah kada ka wanke su, ko da toka, ko da lemun tsami, ko da sabulu. Duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfen yana cikin abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke biya, kuma gogewa tana barin ƙananan ƙarce da ba sa ɓoyuwa ga idon gwani. Na sha ganin kwabo mai kyau da aka dirje har ya yi ƙyalli, mai shi yana murna, alhali ya zubar da mafi yawan darajarsa da hannunsa.

Asalin maganar kuwa ita ce lokacin da aibin ya auku. Ana fara yanko faifan ƙarfe, sannan a matse shi tsakanin hatimai biyu na ƙarfe waɗanda ke fitar da zane da rubutu. Duk abin da ya faru kafin wannan bugu ko a cikinsa, shi ne kuskuren masana'anta. Abin da ya biyo baya, bayan kuɗin ya shiga kasuwa, rauni ne kawai, kuma rage daraja yake yi. Ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka zauna kusa da taga, ka riƙe kwabon ta gefensa kana karkata shi.

Ka fara da layin nan. Idan hatimin ne ya tsage, ƙarfe yakan kutsa cikin tsagar, sai layin ya fito a tashe kamar jijiya a bayan hannu. Idan kuwa layin ya nutse, kuma gefunansa sun ɗan tattaro kamar kunya a gona, to wuƙa ce ko ƙusa. Haka ma gutsurarren gefe: idan tun wajen yanko faifan aka samu giɓin, rubutun da ke kusa yakan dusashe a hankali yana gangarawa cikinsa, kuma sau da yawa bakin kwabon da ke fuskantar giɓin, can a ɗaya gefen, yakan fito a dusashe. Yankan almakashin maƙeri yana datse harafi kai tsaye, ya bar kaifi da sabon launi.

Batun huji shi ne inda aka fi ruɗar mutane a ƙasarmu, saboda waɗannan kuɗi sun sha aiki. An zira su a igiya, an yi ado da su, har kafintoci sun sa kwabo a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano. Hujin da ya kauce tun daga masana'anta guda ɗaya ne, kewayayye sarai, girmansa daidai da na 'yan'uwansa, kuma launin cikinsa ɗaya ne da na sauran jikin. Wanda aka faɗaɗa daga baya yakan yi tsawo kamar ƙwai, kuma nauyin kwabon yakan ragu. Ka kai shi wajen masu sayar da zinariya a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi a ɗora shi a ma'auninsu tare da wani kwabon na zubi ɗaya, ka ga ko sun yi daidai.

Game da daraja, ma'aunin lafiyar tsofaffin kuɗi da ya fi yaɗuwa shi ne na William Sheldon, wanda ya fito a Amurka a 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai taɓa yawo a hannu ba ne. Kamfanonin tantance tsofaffin kuɗi irin su PCGS da NGC da shi suke aiki, kuma ba sa ba wankakken kuɗi ko mai rauni lamba, sai dai su rubuta aibinsa. A kan kwabonka, ka duba kambun sarauta da ke saman hujin: idan ƙananan adonsa suna nan rarrabe, yana da sauran ƙarfi, idan kuwa sun shafe sun zama sumul, matsayinsa na ƙasa ne.

Ka kuma lura da shekara da ƙananan haruffan da ke nuna masana'anta: H na Heaton ne, KN kuma na King's Norton, dukansu a Birmingham ta Ingila. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas yana burge mutane saboda sarkin ya sauka daga mulki a shekarar, amma an buga shi da yawa, don haka ba shi da wuyar samu. Wanda ake nema shi ne na wannan shekara da aka haɗa bisa kuskure da fuskar kuɗin Gabashin Afirka. A cikin aninan ma, idan ka ji wani ba nauyi kamar takarda, ka ware shi, domin na farko da aka buga a 1907 na alminiyam ne.

Kafin ka yarda da farashin kowa, ka sa kowane ɗaya a cikin 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, nesa da danshin damina, sannan ka aiko mana da hoton fuskoki biyu na kwabon nan mai karkataccen huji, wanda aka ɗauka da hasken rana, tare da nauyin da ma'aunin ya nuna.