Ƙafar jaririyata ta miƙe amma ta sirance: takalmin ne ya jawo?

Tambaya: Likita, an haifi 'yata da ƙafar dama a lanƙwashe ciki. An yi mata siminti (ɗauri mai tauri irin na karaya) sau shida, an ɗan tsaga agarar, yanzu watanta biyu cikin takalmi mai sanda (takalma biyu da aka haɗa da sanda). Ƙafar ta miƙe, amma ba ta kai ta hagu girma ba, sha-raɓar kuma siririya ce. Ana ta ce min takalmin ne ke shanye mata ƙafa, in cire tunda ta warke. 'Ya mace ce, ina tsoron ta girma ana nuna ta.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki cire takalmin nan.

Sirancewar da kike gani tare da ita aka haife ta. Tsokar sha-raɓa a ƙafar da ta zo a lanƙwashe ƙarama ce tun daga ciki, kuma haka za ta zauna. Tafin ƙafar ma yakan gaza ɗan'uwansa kaɗan, wani lokaci har lambar takalmi ta bambanta. Abin ya fi fitowa ga irin 'yarki mai ƙafa ɗaya, domin akwai ta kusa da ake gwadawa da ita. Kusan rabin yaran nan duka biyun ne, su ba a ma cika lura ba. Tabon agara ɗan ɗigo ne, tattarar fata kuma za ta baje in ta fara takawa. Yarinyar da aka bi wa aikin yadda ya kamata tana sa takalmi irin na kowa, ta taka da tafin ƙafa, ta yi gudu.

Maganar cirewa ce ke ƙona min rai, domin kullum sai na ji ta. Siminti miƙarwa kawai ya yi. Ƙafar tana nan da halinta na komawa ciki har shekara 4 zuwa 5, kuma ba abin da ke tare ta sai wannan sanda. Shi ya sa tsarin Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda ya wallafa sakamakonsa tun 1963, ya tsaya a kan awa 23 kowace rana na wata uku, daga nan kuma duk lokacin barci, dare da rana. Mafi yawan yaran da aka yar musu da takalmi da wuri ƙafarsu na komawa, kuma a hankali take yi: diddige ya fara ƙin taɓa ƙasa, yaro ya koma takawa da gefen ƙafa, wurin ya yi kanta. Kafin iyaye su farga an koma siminti, wani sai an canza wa jijiya mazauni, wani sai babbar tiyata. Tiyatar nan ita ce ke barin dogon tabo da ƙafa mai tauri, wadda kan yi ciwo bayan an girma. Munin da kike gudu ta nan yake shigowa.

Masu cewa ki cire, ina suke ranar da za a dawo da yarinya tana ɗingishi? Haka ma masu murzawa da matsawa da sunan za su cika sha-raɓa. Babu man shafawa ko tausa da ke ƙara wannan tsoka, kuma ƙashin ƙafar jariri yawancinsa guringuntsi ne, ƙarfin hannu na iya ɓata shi har abada. Jaririya ba ta da bakin kare kanta, amana ce a hannunki, tausayin kukan dare kada ya sa ki sayo mata wahalar shekaru.

In kin ga ƙafar ta juya waje fiye da kima a kan sandar, da gangan aka saita ta haka, za ta daidaita. Ki riƙa duba diddige ya zauna sosai cikin takalmin. In kin ga ja ko bororo, ko ƙafar na zamewa, ki koma wurin masu duba ta a gyara saitin a ranar, kada ki ajiye shi ki ce sai fata ta huta.