Shin yashe magudanan ruwa aikinmu ne ko na hukuma?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a riƙa kiran matasan Katsina su fito yashe magudanan ruwa kyauta, alhali akwai hukumar da aka ɗora wa wannan aiki. Amsata ita ce ya dace, kuma fitowarmu ba ta sauke wa hukuma nauyinta ko kaɗan.

Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya bayar da gudummawa mai amfani ga ci gaban al'ummar da mutum yake zaune a cikinta cikin abubuwan da suka wajaba a kan kowane ɗan ƙasa. Tun kafin a rubuta shi ma, da gayya kakanninmu suke nome gonar wanda ciwo ya kwantar, da ita suke gyaran maƙabarta da yaɓen masallaci.

Batun magudanan nan shi ne ya fi damuna, domin ledar da aka cusa a kwalbati da rani a Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura ita ce take tare ruwa a watan Agusta, har ya koma cikin gidajen ƙasa ya kayar da katanga, sauro kuma ya samu wurin hayayyafa. Duk wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ya san ɓarnar ruwa.

Ku fara da sanar da mai unguwa, ku tsayar da rana kafin ruwan farko, sannan ku rubuta wa ƙaramar hukuma takarda ta turo motar kwashe shara a ranar, domin dattin da aka bari a bakin kwata ruwa zai mayar da shi ciki.