Ƙuri'ar bashin gina makarantu a Texas: e ko a'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun sayi gida a wajen Houston, kuma bara na zama 'yar ƙasa. Hukumar makarantun yankinmu tana neman mu amince ta ciyo bashi don gine-gine. Takardar da ta aiko ta ce haraji ba zai tashi ba, amma a samfurin ƙuri'a an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙarin harajin gida ne. Wanne zan kama? Kuma maigidana, mai katin zama na dindindin, zai iya jefawa? Daga wata 'yar'uwa a Texas.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a gidan. Manyan baƙaƙen nan kada su firgita ki. Tun 2019 dokar Texas ta wajabta rubuta su a kan kowace ƙuri'ar bashin makarantu, ko da ma'aunin harajin ba zai motsa ba. Sai dai maganar hukumar ma ba ta cika ba.

Harajin makarantu a jihar kashi biyu ne. Ɗaya na hidimar yau da kullum, kamar albashin malamai da kuɗin wuta. Ɗayan na biyan bashi ne da kuɗin ruwansa, kuma shi ake tambayarki a kai. In hukuma ta kusa gama biyan tsohon bashi, tana iya ɗora sabo a gurbinsa ba tare da ta ɗaga ma'auni ba. To amma da ba a ci sabon ba, da ma'aunin ya sauko. Sannan in ƙimar gidanki ta hau, abin da za ki biya zai hau ko da ma'aunin na nan yadda yake. Bashin kuma yana iya ɗaukar shekara 40, wato har jikokinki na iya tarar da shi.

Don haka ki nemi takardar bayanin masu zaɓe, wadda doka ta tilasta wa hukuma ta wallafa. A ciki za ki ga uwar kuɗi, kiyasin kuɗin ruwa, da iyakar ƙarin da zai hau kan gida mai ƙimar dala 100,000 a shekara. Sai ki ɗauko biro ki yi naki lissafin. Misali gidanku ya kai dala 300,000. A cire dala 140,000 da jihar ke yafe wa gidan da mutum ke zaune a ciki tun 2025, saura 160,000. Ƙarin senti 5 a kan kowace dala 100 zai zama dala 80 a shekara. Ki tabbata kun cike takardar neman wannan yafiya, domin sababbin masu gida da yawa suna mantawa.

Abin da ya fi adadin kuɗi muhimmanci a wurina shi ne wa zai riƙe su. A Nuwamban 2024 mutanen Houston suka yi watsi da bashin makarantu na dala biliyan 4.4, alhali kowa ya san akwai makarantun da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa a tsakiyar zafi. Dalilin da yawa daga cikinsu shi ne jihar ta karɓe ragamar hukumar makarantun Houston a 2023, ta naɗa shugabannin da ba su suka zaɓa ba. Ki tambaya: bashin baya, an gina abin da aka alkawarta? Akwai kwamitin mazauna da ke bin diddigin kashe kuɗin?

Ni dai, in amsar ta gamsar, zan dangwala wa rufi da ajujuwa da sanyaya ɗaki "e". Yaro ba ya koyon karatu gumi na ɗiga masa a kan littafi. Babban filin wasa kuwa doka ta sa a ware masa tambayarsa daban, kina iya ƙin sa ki amince da sauran. Kada kuma ki yi zaton kuɗin nan zai ƙara wa malamai albashi. Doka ba ta yarda ba.

Batun maigida, a'a, kada ma ya yi rajista. Wannan zaɓe na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma wanda ya jefa ƙuri'a ba shi da haƙƙi na iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har a kore shi daga Amurka. Amma tarukan hukumar a buɗe suke ga kowa, yana iya zuwa ya yi tambayoyinsa a matsayin uba mai biyan haraji.