Amsoshin Tambayoyinku: Sayayya ga Mai Fara Koyon Python

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto cewa abokinsa na son sayar masa da tsohon littafin koyon Python (yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta) da araha, sai dai da ya gwada misalin farko, wato print "Sannu", kwamfuta ta ƙi karɓa. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, ka riƙe kuɗinka. Littafin na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, alhali Python 3 da ke kwamfutarka ya fito tun shekarar 2008. A sabon tsarin dole ne a saka abin da za a buga cikin baka, kamar haka: print("Sannu"). Wannan kuskuren ma mai sauƙi ne, tunda kwamfuta za ta tsaya ta yi maka ƙorafi. Wanda ya fi damuna shi ne na rabawa, domin idan ka rubuta 7 / 2, littafin zai ce maka amsar 3 ce, kwamfutarka kuwa ta ba ka 3.5, ka wuni kana zargin kanka alhali ba ka yi laifin komai ba. Duk littafin da za ka saya, ka fara buɗe shi ka duba yadda aka rubuta print.

Wata baiwar Allah mai shago a Maraɗi kuma ta ce ta rubuta ɗan shirin haɗa kuɗin kaya, ta shigar da 500 da 300, sai ya ba ta 500300. Tana ganin tsufan kwamfutarta ne, har tana shirin sayen sabuwa.

Hajiya, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, kuma ko da kin sayi sabuwa dal amsar da za ta ba ki ke nan. Umarnin input yana ɗaukar duk abin da aka shigar a matsayin rubutu, shi ya sa alamar + ta manna su wuri guda maimakon ta tara su. Ki rubuta int(input("Farashi: ")), lambobin za su koma na lissafi, ki samu 800. Ga mai koyo, tsohuwar kwamfuta ta wadatar, musamman idan kika sa mata Thonny, manhaja ce kyauta da aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin 'yan koyo. Idan har kina da kuɗin kashewa, a ganina sabon batir ya fi miki amfani saboda ɗaukewar wuta.

Akwai kuma wanda ya yi kukan cewa haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna dagulewa idan shirinsa ya karanta fayil a Windows. Wannan ba ya buƙatar sayen komai, ka ƙara encoding="utf-8" cikin umarnin open, haruffan za su fito daidai.