Hukuncin barin maganin cuta mai karya garkuwar jiki da sunan tawakkali, da raba shi da ƙawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, na yi shekara shida ina zaman kaina, sai Allah Ya shirye ni na tuba, na koma gidan yayata. Ina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ana ba ni magani a asibiti, ƙwaya ɗaya kullum. Wani malami ya ce mini cutar kaffarar zunubina ce, in tubana na gaskiya ne sai in ajiye maganin in dogara ga Allah, in riƙe addu'a da habbatus sauda. Na taɓa bari har wata biyu, na kwanta, sannan na koma. Akwai kuma ƙawata da har yanzu tana gidan da na baro, ita ma tana da cutar, amma kunyar zuwa asibiti take ji, shi ne nake raba kwalbata biyu, yau in sha, na gobe in ajiye mata. Shin ina da laifi in na ci gaba da shan magani? Ga shi kuma wani ya fito yana son aurena.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya karɓi tubanki, 'yar uwa, Ya tabbatar da dugaduganki. Cewa zina babban zunubi ce, da cewa tuba tana shafe abin da ya gabace ta, babu malamai biyu da suka saɓa a kai, ke ma kin sani, shi ya sa kika taso.

Ba ki da laifi don kina shan magani. A halinki shansa wajibi ne, barinsa shi ne laifin. Amma abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki ba shi ne kika yi tambaya a kansa ba. Kin faɗe shi a tsakiyar magana kamar wani alheri da kike yi a ɓoye, wato raba kwalbar nan. Niyyarki mai kyau ce, ina fatan Allah Ya ba ki ladan tausayin. Aikin kuwa haramun ne daga yau da kika sani, domin ke da ita duka kike cutarwa.

Bari in nuna miki yadda abin yake. Kwalbar wata ɗaya ƙwaya 30 ce, an ƙididdige ta ga jiki ɗaya. Wadda aka fi bayarwa yanzu a Najeriya ita ce TLD, magani uku ne a haɗe cikin ƙwaya guda: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ƙwayar cutar nan hayayyafa take ba dare ba rana, kuma wajen kwafar kanta tana yawan yin kuskure, sai a samu 'ya'yan da suka ɗan sauya kama. In maganin ya cika a jini, yana danne su gaba ɗaya, ba su samun damar yaɗuwa. In ya zama rabi da rabi, masu rauni ne kawai ke mutuwa, waɗanda suka sauya kama su rage, su cika jinin da irinsu. Manomin wake ya san wannan: in ya tsinka maganin feshi da ruwa fiye da ƙima don ya ishe shi, ƙwarin da suka tsira su ne ke gagararsa. Wannan shi ne abin da likitoci ke nufi in sun ce cutar ta bijire wa magani. Sai mutum ya dawo yana sha kullum a kan lokaci, amma ƙwayar ta daina ji.

Ba zato ba ne, ya riga ya faru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa a ƙasashe da yawa sama da mutum 1 cikin 10 na masu fara shan magani sun zo da nau'in da ba ya jin efavirenz ko nevirapine, magungunan da aka daɗe ana dogaro da su. Yana daga dalilan da suka sa hukumar ta fifita dolutegravir tun 2019. Shi ya fi wuyar bijirewa, amma bai gagari cutar ba, musamman ga wanda ya taɓa sha yana bari. In ya faɗi, sai a koma abin da ake kira layi na biyu, ƙwayoyi sun fi yawa, sun fi wahalar da jiki, kuma zaɓin da ya rage bayansa kaɗan ne.

Sai ki dubi ƙawarki. Har yanzu maza suna shiga wurinta. Binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, amma a tsakanin mata masu zaman kansu binciken 2020 ya sami sama da kashi 15. In ƙwayar da ke jikinta ta bijire, irin ta bijirarriyar za ta ba namijin da ya zo, shi kuma ya kai wa matarsa ta sunna da ke ɗaki ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, watakila har jaririn da ke cikinta.

Yanzu maganar malamin. Ba zan ce ya ƙago ta ba, tana da asali, sai dai ya aza ta inda ba muhallinta ba. An ruwaito daga Imamu Ahmad cewa barin magani ya fi ga wanda ya iya haƙuri. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da Aljanna, ta zaɓi haƙuri, da hadisin mutum dubu 70 da za su shiga Aljanna ba hisabi. Amma a duba da kyau. Farfaɗiyar matar nan ba ta tsallakawa zuwa ga kowa, ita kaɗai ke ɗauke da wahalarta. Ba a kuma miƙa mata wani magani tabbatacce ta ture ba. Hadisin dubu 70 kuwa neman tofi da sakiya da wuta da camfi ya ambata, bai ambaci barin magani baki ɗaya ba, kuma shugaban masu tawakkali da kansa an yi masa ƙaho, an yi masa jinyar rauninsa ranar Uhudu. Magabatan da suka fifita bari suna magana ne a kan maganin zamaninsu, wanda ko ya yi ko bai yi ba. Ibnu Taimiyya, wanda shi ma ɗan mazhabar Ahmad ne, ya bayyana cewa magani yana zama wajibi idan an san da shi ne rai zai tsira. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tsaya a zamanta na Jidda a 1992: magani wajibi ne in barinsa zai kai ga halaka, ko lalacewar gaɓa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu. Taki ta haɗa na farko da na ƙarshe. Ke kanki kin gwada wata biyu kin ga inda ya kai ki.

Batun kaffara kuwa, gaskiya ne ciwo yana kankare zunubin mumini, har ƙayar da ta soke shi. Amma ciwon da Allah Ya ɗora yake kankarewa, tare da haƙuri. Babu inda Shari'a ta ce mai tuba ya yanke wa kansa hukuncin kisa a hankali. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: bari, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. Wanda ya ƙara na huɗu, ya ce sai an ajiye magani, ya ƙara a addini abin da babu. Kuma ina tambayarsa: matar da mijinta ya kawo mata, da yaron da aka haifa da ita, su kaffarar me suke yi? Abin da yake ƙona mini rai shi ne irin wannan fatawa mace mai rauni ake ba, wadda ta zo da karyayyar zuciya, duk abin da aka ce mata za ta yi. Ki ci gaba da addu'arki da azkar. Habbatus sauda ma ban hana ki ba, amma ki faɗa wa likita duk abin da kike sha, kada kuma ta maye gurbin ƙwaya ko da ta kwana ɗaya.

Ki koma asibiti cikin makon nan, kada ki jira ranar katinki. Ki faɗa musu komai, wata biyun da kika bari da rabon kwalbar, don su auna yawan ƙwayar cutar a jininki su san ko maganin yana ci. Ɓoye wa likita wannan cutar da kai ne. Ki nemi a duba miki ciwon hanta nau'in B, domin biyu daga cikin magungunan nan suna danne shi, kuma mai shi in ya tsaya da sha kwatsam hantar na iya tashi. In kina shan maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki, ki ambata, wasunsu suna hana dolutegravir shiga jini in an haɗa su lokaci guda. Azumi bai hana ki komai ba tunda sau ɗaya ne a yini, ku tsayar da lokaci da likita tsakanin buɗa-baki da sahur.

Mai neman aurenki dole ki sanar da shi cutar kafin a ɗaura, ɓoyewa ha'inci ne, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure. Ki sanar da shi kuma cewa mai shan magani daidai har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa, kuma ana haihuwar 'ya'ya lafiya lau in an bi awo. Amma tarihin zaman da kika yi, Allah Ya suturta ki, kada ki yaye. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani ya faɗa wa mai neman auren 'yar uwarsa abin da ta taɓa aikatawa, Umar ya buge shi ko ya kusa bugunsa, ya ce ina ruwanka da ba da labarin.

Ƙawarki kada ki yar da ita. Kada wani ya ce miki kai ta asibiti taimako ne a kan saɓo. Jinya ba ta halatta zina, rai take tsarewa, nata da na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma mai rai ne ke tuba. Ki sa hijabinki ki raka ta da ƙafarki. In asibitin kusa take jin kunya, ku tafi na wata unguwa inda ba a san ta ba, a buɗe mata katinta, maganin kyauta ake bayarwa. Ki faɗa wa ma'aikatan cewa ta jima tana shan rabin naki. A hanya ki riƙa yi mata nasiha da taushi, in da wata 'yar sana'a da za ki iya jawo ta ciki ki jawo ta, domin yawancinsu rashin abin kai wa baki ne ya zaunar da su a can.

Wallahu a'alam.