Amsa: Farar ƙasar Ƙanƙara za ta iya tsabtace ruwan rini?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko farar ƙasar Ƙanƙara, wato farin yumɓun da ake haƙowa a yankin Ƙanƙara na jihar Katsina, za ta tsabtace ruwan da masu rini ke zubarwa a kwatocin Katsina. Za ta iya, amma sai an sarrafa ta.

Ɗanyen yumɓu yana tsotse launi ne kawai. Dattin na nan manne a jikinsa, kuma da ya ƙoshi shi ke nan. Abin da masana ke yi shi ne a gasa ƙasar a zafin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Selshiyos, a jiƙa ta a asid don ƙofofin jikinta su buɗe, sannan a ɗora mata sinadarin ƙarfe. Idan aka zuba ta a ruwan rinin tare da haidurojin ferokzaid (sinadarin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi), ƙarfen nan ne ke sa ferokzaid ɗin ya fashe, ya fitar da wasu ƙwayoyi masu ƙarfi da ke ragargaza rinin kansa. Aikin ya fi kyau a ruwa mai tsami, wajen lamba 3 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Bayan an gama a tace ƙasar, a sake amfani da ita.

Abin da ke damuna shi ne mutane su ga ruwa ya yi garau su ɗauka ya zama na sha. Launi kan ɓace alhali ragowar guba na ciki, ga ƙarfen ma kan zube cikin ruwan in ba a gasa ƙasar da kyau ba. Don Allah kada ka gwada a randar gida. Ka kai samfurin ruwan sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su auna maka tukuna.