Mai gyara ya ce in kashe sabuntawar Windows in huta

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kwamfutoci 60 a wata cibiyar jarrabawar CBT a Kano. Na shirya guda ɗaya tsaf, na kwafe ta da manhajar kwafi ta Clonezilla na zuba wa sauran. Yanzu sabarmu ta WSUS, wadda ke raba wa kwamfutocin sabuntawar Windows, kwamfuta guda ɗaya tak take gani, yau wannan gobe waccan. Wani mai gyara ya ce in kashe sabuntawa gaba ɗaya, wai cin data ne kawai. Jarrabawa ta matso, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta farkon ƙarama ce. Ka kwafe uwar ne ba ka bi ta Sysprep da /generalize ba, wato manhajar Windows da ke goge shaidar kwamfuta kafin a kwafe ta, sai duk sittin ɗin suka gaji lambar shaida ɗaya, SusClientId, sabar kuma ta ɗauke su mutum ɗaya. A kowace kwamfuta ka tsayar da wuauserv, wato sabis ɗin Windows Update, ka goge SusClientId da SusClientIdValidation a rajistar Windows, inda ake ajiye saituna, ka sake tayar da wuauserv ɗin. Gaba kuma, Sysprep kafin kwafi.

Shawarar mai gyaran nan ce ta tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Mutum ya saka wa jama'a Windows na sata, ya san sabuntawa za ta iya tona masa asiri, sai ya kashe ta ya ce wai yana tausaya wa datarku. A 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin MS17-010, wato sabuntawar da ke toshe wata kafar tsaro. A 12 ga Mayu muguwar manhajar WannaCry ta ɓarke, ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati na NHS a Ingila har aka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu maganin yana ajiye ba a sha ba! Kuma ba ta jira kowa ya danna komai, ta kafar SMB, lamba 445, wadda kwamfutoci ke raba fayil ta cikinta, take tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Naka kuwa duk daga uwa ɗaya suka fito, kafar da ke jikin ɗaya tana jikin sauran hamsin da taran.

Masu irin wannan shawara za su kawo maka zancen CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaro, na 19 ga Yuli 2024, da sabuntawarsa ta sa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka durƙushe. Wannan ba daga Windows Update ya zo ba, kuma abin da ya nuna shi ne haɗarin sakin sabuntawa ga kowa a lokaci guda. Ka ware kwamfutoci uku ko huɗu a rukunin gwaji. Talata ta biyu a kowane wata facin ke fitowa. Ka amince musu shi a WSUS, ka buɗe manhajar jarrabawar a kansu na mako guda, in lafiya lau ka saki ga sauran. Makon jarrabawa kuma ka dakatar da amincewa, ka ci gaba bayan an gama.

Batun data ma ƙarya ce ta rainin hankali, tunda WSUS sau ɗaya yake saukowa da faci ya raba ta cikin gida.

Sannan ka duba wane Windows ke cikin kwafin naka. In 10 ne, tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, sai ka fara lissafin waɗanda ke da guntun tsaro na TPM 2.0 da za su ɗauki Windows 11, ka kai wa mai cibiyar a rubuce.